Masu ɗaukar jaka na Augusta da sana'ar karanta ciyawa

A dokar wasan golf, ɗan wasan da ya shiga gasa ba shi da izinin neman shawara wurin abokin karawarsa ko wurin 'yan kallo. Mutum guda doka ta yarda ya saurara, shi ne wanda ke biye da shi da jakar sanduna a kafaɗa. In ya kuskura ya tambayi wani wace sanda ta dace, an ci shi tarar bugu biyu, kuma a wasan da mai ƙarancin bugu ke cinyewa, bugu biyu kan raba mutum da kofi. Shi ya sa wanda ya ɗauki mai jaka a matsayin ɗan dako bai fahimci sana'ar ba. Ɗaukar kayan ita ce mafi sauƙi a cikin aikinsa.

Ba wai kayan ba su da nauyi ba. Jakar ƙwararren ɗan wasa takan kai kilo 20, da sanduna 14 a ciki, da ƙwallaye, da laima, da tawul, da ruwan sha. Ramuka 18 ake zagayawa a rana, tafiyar kilomita bakwai ko fiye, kwana huɗu a jere. Mai jaka ne zai goge sanda bayan kowane bugu, ya share sawun ubangidansa in ƙwallo ta faɗa kwarin yashi, ya riƙe tutar rami, ya kuma tabbatar sandunan ba su wuce 14 ba. A gasar Birtaniya ta 2001 an ci Ian Woosnam tarar bugu biyu yana cikin masu jan gaba a ranar ƙarshe, don kawai an samu sanda ta 15 a jakarsa. Laifin mai jaka ne, amma doka ɗan wasa take hukuntawa. Duk wannan yaro mai ƙarfi da natsuwa zai koya cikin wata guda. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin fili, kuma babu inda wannan sani ya yi suna kamar kulob ɗin Augusta National da ke jihar Jojiya a kudancin Amurka, inda ake buga gasar Masters kowace Afrilu.

Golf dai ɗan Sikotilan ne, kuma a St Andrews aka tsayar da ramuka 18 tun 1764, a filin da jama'ar gari ke da haƙƙi a kansa. Amurkawa ne suka kewaye wasan da shinge. A 1882 wasu attajiran Boston suka kafa The Country Club a Brookline, wurin hutu a bayan gari don sukuwa da liyafa, daga baya golf ya shigo ya mamaye. Ba a shiga sai da yardar waɗanda ke ciki. Daga nan irin wannan kulob ya bazu, kuma ko'ina aka kafa shi sai ya jawo 'ya'yan talakawan unguwa, domin attajiri ba ya ɗaukar jakarsa da kansa. Ɗaya daga cikin yaran da suka yi wannan aiki a Brookline, Francis Ouimet, shi ya lashe babbar gasar Amurka ta 1913 a wannan filin yana ɗan shekara 20, wani yaro ɗan shekara goma mai suna Eddie Lowery na ɗauke masa jaka. Ouimet fari ne, don haka ƙofar ta buɗe masa. A kudu labarin ya sha bamban.

Filin Augusta gonar baba ce tun asali, ta wani Dennis Redmond, wanda ya gina a 1854 gidan da yau ya zama babban zauren kulob. A 1857 wani Baron Berckmans ɗan Beljiyam da ɗansa Prosper suka saye ta, suka mayar da ita wurin renon itatuwa da furanni mai suna Fruitland. Su suka dasa jerin itatuwan magnoliya da mota ke ratsawa kafin ta isa zauren, kuma saboda su ne kowane rami yake da sunan wata shuka. Gonar ta daɗe da mutuwa lokacin da Bobby Jones ya gan ta. Jones lauya ne daga Atlanta, ya cinye manyan gasanni huɗu duka a 1930, ya ajiye wasan yana da shekara 28, yana neman inda zai buga da abokai ba tare da taron jama'a ba. Shi da Clifford Roberts, ɗan kasuwar hannun jari na New York, suka sayi eka 365 a kan dala 70,000 a 1931, suka kira Alister MacKenzie, likitan da ya bar asibiti ya koma zana filayen golf.

Lokacin bai yi musu daɗi ba. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, sun yi lissafin samun mambobi 1,800 amma ko ɗari ba su cika ba. An yi bikin buɗewa a Janairun 1933, MacKenzie ya rasu a Janairun 1934 yana bin kulob ɗin bashin aikinsa, bai ga gasar farko ba. Gasar kanta, wadda Horton Smith ya ci a 1934 ya karɓi dala 1,500, an ƙirƙiro ta ne don a ja hankalin masu kuɗi su shigo. Sai a 1939 aka amince da sunan Masters. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi aka rufe filin, aka saki shanu da talotalo suna kiwo a kai, har sai da fursunonin yaƙi Jamusawa suka taimaka wajen gyara shi. Wanda ya ga Augusta a talabijin yau, ciyawa kamar an zana, da wuya ya yarda cewa kulob ne da ya sha da ƙyar.

Abin da bai taɓa ƙaranci ba shi ne masu jaka. Kusa da wurin akwai unguwar baƙar fata mai suna Sand Hills, wadda mazaunanta suka daɗe suna yi wa attajiran da ke zuwa hutun hunturu girki da wanki da aikin lambu. Yaran unguwar sukan fara ɗaukar jaka a Augusta Country Club, tsohon kulob ɗin da ke maƙwabtaka, in yaro ya nuna kai sai ya haura zuwa National. A garin da dokar wariya ta toshe wa baƙar fata yawancin hanyoyin samu, jaka kan kawo abin da ya fi aikin masaƙa ko gona, don haka yara da yawa suka bar makaranta saboda ita. Ƙa'idar kulob kuma ita ce duk wanda zai buga Masters, ko shi wane ne, dole ya ɗauki mai jaka na gida. Daga 1934 har 1982 haka abin yake: masu bugu farare, in ban da kaɗan a ƙarshe, masu jaka baƙaƙe, waɗanda daga baya aka sa wa farar rigar aiki mai haɗe da wando da koriyar hula, da lamba a ƙirji da sunan ɗan wasa a baya.

Uban sana'ar shi ne Willie Stokes, wanda ake kira Pappy. A kan wannan ƙasa aka haife shi a 1920, lokacin iyayensa na noma a cikinta, kuma yana yaro ya yi wa ma'aikatan da suka gina filin hidima. Abin da ake yawan faɗa a kansa shi ne, in an yi ruwan sama sai ya tsaya yana kallon inda ruwa ke bi. A nan ya gane abin da ido ba ya gani: ƙasar gaba ɗaya ta karkata zuwa ƙoramar Rae da ke can ƙasa, wajen rami na 11 da na 12, kuma ƙwallon da ke gangarawa a hankali za ta ja zuwa can ko da mai bugu ya rantse cewa wurin a daidaice yake. Tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari a filin akwai kusan mita 50, abin da kyamara ke ɓoyewa. Da wannan sani Stokes ya raka Henry Picard ga nasara a 1938 yana ɗan shekara 17, sannan Claude Harmon a 1948, Ben Hogan a 1951 da 1953, da Jack Burke a 1956. Mutum huɗu daban, kofi biyar. Da safiyar Asabar kuma yakan tara yara ya koya musu.

Me yake koyarwa? A nan sana'ar take. Kowane rami yana tsakiyar wata farfajiya ta lallausar ciyawa da aka aske ƙwal, inda ba a ɗaga ƙwallo sama, tura ta ake yi ta gangara. Kusan kashi huɗu cikin goma na bugun wasa a nan ake yin su. Mai jaka zai durƙusa bayan ƙwallo ya duba layin, ya zagaya bayan rami ya sake dubawa, yana tafiya yana ji da tafin ƙafarsa inda ƙasa ta ɗaga da inda ta sauka. Zai dubi launin ciyawa: in tana sheƙi, ta kwanta ne tana guje maka, ƙwallo za ta yi gudu, in ta yi duhu, tana fuskantarka, sai an ƙara ƙarfi. Zai leƙa bakin ramin, domin gefen da ya yamutse yakan nuna inda ciyawa ta karkata. Zai tuna cewa da safe akwai raɓa, da la'asar kuma rana ta busar da wurin ya yi santsi. Bayan duk wannan, abin da zai fito daga bakinsa bai wuce kalma bakwai ba: faɗin ƙwallo biyu ta dama, a hankali. Kamar tsohon mafarauci ne da ke karanta sawu a busasshiyar ƙasa, kai kana ganin ƙura, shi yana ganin abin da ya wuce da inda ya nufa.

Sai iska. Rami na 12 shi ne mafi gajarta a filin, yadi 155 kacal, amma ƙoramar na kwance a gabansa, kuma iska na shiga tsakanin dogayen itatuwa ta yi ta juyi. Tutar rami na 11 za ta nuna gabas, ta 12 ta nuna yamma, a lokaci guda. Ɗan wasa na tsaye da sanda biyu a ransa, kuma tazarar da ke tsakaninsu yadi goma ne, wato tazarar da ke tsakanin farfajiya da ruwa. A 2016 Jordan Spieth ya iso nan yana jan gaba, ya jefa ƙwallo biyu a ruwa, ya tashi da bugu bakwai a ramin da ake gamawa da uku, kofi ya tafi. Tsofaffin masu jaka kowa da alamarsa, wani kan dubi saman wata bishiya, wani ya jira ya ji iska a kumatunsa kafin ya miƙa sanda. Ba a rubuce suke ba, kuma ba kowa ake faɗa wa ba.

Kashi na uku ya fi wuya, shi ne sanin mutum. Wani ɗan wasa in ya ɓata bugu so yake a yi shiru, wani so yake a zolaye shi, wani sai an tsawata masa. Nathaniel Avery, da ake wa laƙabi da Iron Man, shi ya raka Arnold Palmer duk nasarorinsa huɗu, a 1958, 1960, 1962 da 1964, kuma an san shi da tsokanar Palmer da tambaya ko tsoro ne ya kama su in ya ga ya fara rikicewa. A tuna ina ake da kuma wane zamani: baƙar fata ne a Jojiya yake faɗa wa farin tauraro haka, a filin da ba zai iya zama ya ci abinci a zaurensa ba. Willie Peterson shi kuma mai tsalle ne da kaɗa tawul, kuma da shi Jack Nicklaus ya ci biyar daga cikin kofunansa shida. Akwai Willie Perteet, makaɗin ganga da dare, mai jakar Shugaba Eisenhower da rana. An taɓa soka masa wuƙa har aka kai shi ɗakin ajiye gawa, ya farka a can, abokai suka sa masa suna Mushe, Eisenhower ya ga sunan ya yi muni ya mayar da shi Maƙabarta. Ni dai ban ga inda aka samu sauƙi ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar waɗannan mutane ita ce ta 1979. In aka cire gasanni biyu na farko, lokacin da kusan kowa baƙo ne, mutum ɗaya tak ya taɓa cin Masters a zuwansa na farko, shi ne Fuzzy Zoeller. Bai san filin ba, ya kuma san bai sani ba, sai ya sakar wa mai jakarsa Jariah Beard ragama. Inda Beard ya nuna nan ya tura, sandar da ya miƙo ita ya karɓa, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Duk da haka shingen na nan. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Amurka tana da sharaɗin farar fata zalla a kundinta daga 1934 har 1961. Baƙar fata na farko da ya buga Masters shi ne Lee Elder a 1975. Kulob ɗin bai karɓi mamba baƙar fata ba sai Ron Townsend a 1990, bayan hayaniyar da ta tashi kan wani kulob na Alabama mai suna Shoal Creek, mata kuwa sai 2012, lokacin da aka shigar da Condoleezza Rice da Darla Moore. Wasu daga cikin masu jakar gwanayen bugu ne. Jim Dent ya fito daga cikinsu ya zama ƙwararre, ya ci gasa 12 a rukunin dattawa. Sauran fa, nawa ne irinsa da suka tsufa da jakar wani a kafaɗa?

Ƙarshen zamaninsu ya zo da ruwan sama. A ranar farko ta gasar 1982 ruwa ya tsayar da wasa, aka sa a ci gaba da sassafe washegari, saƙon bai isa ga kowa daidai ba, wasu masu jaka suka makara. 'Yan wasa dama sun daɗe suna ƙorafi, domin a sauran gasannin shekara kowa na yawo da nasa mai jaka, wanda ya san nisan kowace sandarsa da halinsa. Nicklaus ya riga ya yaɗa al'adar auna fili da taku a rubuta a ɗan littafi, abin da ya rage dogaro da idon ɗan gida. An kuma sauya irin ciyawar farfajiyoyin kafin gasar 1981. Makarar ta zama dalilin da ake nema. A ƙarshen 1982 shugaban kulob Hord Hardin ya sanar cewa kowa na iya zuwa da nasa. A 1983 Seve Ballesteros ya ci da mai jakar da ya zo da shi, George Archer ya ba 'yarsa Elizabeth jaka, ta zama mace ta farko da ta yi aikin a gasar, kuma mafi yawan mutanen Sand Hills suka koma bayan igiya tare da 'yan kallo.

Ana iya cewa an yi adalci, domin ƙa'idar da ta ce baƙi su yi hidima farare su yi wasa ba abar kewa ba ce, kuma ɗan wasa na da haƙƙin zaɓar abokin aikinsa. Haka ne. Amma a dubi lokacin. A 1982 wanda ya ci gasar, Craig Stadler, dala 64,000 ya karɓa. A 2024 Scottie Scheffler ya karɓi miliyan 3.6. Al'adar sana'ar ita ce mai jaka ya samu kashi goma cikin ɗari in an ci kofi, bakwai in an shiga goman farko, biyar in an samu wani abu, ban da albashin mako. Ke nan rabon mai jakar zakara na mako guda a 2024 ya ninka abin da zakaran 1982 ya samu fiye da sau biyar. Lokacin da aikin yake na ƙasƙanci an bar wa baƙar fata shi kaɗai, da kuɗin talabijin ya shigo sai ya zama na 'yan'uwan 'yan wasa da abokansu na jami'a da tsofaffin ƙwararru. A kulob-kulob na gama-gari kuma ƙaramar motar lantarki ta riga ta kashe hanyar da yaron unguwa ke bi ya shiga wasan. Iron Man ya rasu a 1985 ba shi da komai, kabarinsa ya shekara fiye da 30 babu alama.

Wanda ya tsallake wannan sauyi shi ne Carl Jackson. Ya fara ɗaukar jaka a Masters a 1961 yana ɗan shekara 14, ya haɗu da Ben Crenshaw a 1976, kuma da aka buɗe ƙofa Crenshaw ya ce shi ba zai sake ba. Sun ci tare a 1984. A 1995 Crenshaw ya iso wasansa a lalace, ga kuma rasuwar malaminsa Harvey Penick a farkon makon. Suna wurin atisaye Jackson ya ce masa ya ɗan jawo ƙwallo baya tsakanin ƙafafunsa, ya ƙara juya kafaɗa. Shawarar ke nan, ba ƙari. Crenshaw ya je Texas jana'iza ranar Laraba, ya dawo ya cinye gasar ranar Lahadi da bugu ɗaya, ya sunkuya yana kuka a ramin ƙarshe, Jackson na dafe da shi. Jackson ya yi gasar fiye da sau 50, babu wanda ya kai shi.

Kulob ɗin har gobe yana da masu jakarsa, su ke raka mambobi, waɗanda ba su wuce kimanin 300 ba, daga Oktoba zuwa Mayu, domin ana rufewa in zafi ya shigo. Yanzu akwai farare da yawa a cikinsu. Farar rigar ma tana nan, dole ce a kan duk wanda ya ɗauki jaka a Masters, kuma lamba ɗaya ta mai jakar zakaran bara ce. Ƙwararru da yawa in sun zo gwada filin kafin Afrilu sukan nemi ɗan gida ya zagaya da su, nasu mai jakar na biye da biro. Michael Greller, wanda malamin lissafi ne a makarantar yara kafin ya zama mai jakar Jordan Spieth, ya riƙa zama da Carl Jackson da safe a makon gasar 2015, yana tambayarsa rami bayan rami ina ƙwallo za ta ja. Spieth ya ci gasar yana ɗan shekara 21, ya karɓi dala miliyan 1.8. A wannan makon ne Crenshaw ya buga Masters ɗinsa na ƙarshe, jikin Jackson bai ba shi damar ɗaukar jakar ba, ɗan'uwansa ne ya ɗauka.